Jemar da Inna ta Dasa

Tungan Maikuɗi,
Ƙasar Ngaski.
9 ga Agusta.

Zuwa ga ƙanena Lukman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mansura da yara. Allah Ya tsare ku a can Fatakwal, Ya yi wa aikinka albarka, Ya raya mana zuri'a. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Damina ta zauna daram, gero ya wuce ƙugu, shinkafar fadama ta yi kore shar. 'Yata Hamdiyya ta gama jarrabawa, ta dawo gida tana cinye mana masara tun ba ta gama nuna ba. Ƙafar Goggo Rahamatu ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwar Wara da kanta. Baba ma yana nan lafiya, yana cin abinci, yana barci, kuma a kansa ne na zauna rubuta maka wannan.

Na san za ka yi dariya da ka ga takarda, tunda kusan kullum muna waya. Dalilina biyu ne. Na farko, duk lokacin da ka kira, Baba yana zaune kusa da ni, kuma tun da idonsa ya tafi kunnensa ya koma jin har tafiyar tururuwa, don haka ba komai nake iya faɗa maka ba. Na biyu, akwai saƙon da waya ba ta ɗauka. Lawali direban motar kifi zai ba ka wani ƙaramin buhu mai danshi tare da takardar nan. Na san halinka na gaggawa, amma don Allah kada ka kwance shi sai ka karanta har ƙarshe.

Tun ranar da aka kashe kububuwa a gindin randa hankalinka bai kwanta ba. Ka aiko da injin yankan ciyawa, ka ce a share gidan tas, ciki da waje, in kuwa an kasa, da an girbe gero za ka zo ka tafi da Baba wurinka. Ban ga laifinka ba. Tsoho ne, ba ya gani, likita kuma ya ce jijiyar idon ce ta mutu, babu aikin da za a yi mata. Amma ni tun ranar nake kwana da maganar nan in tashi da ita, domin na san Baba, na kuma san abin da zai zama idan aka raba shi da bakin ruwan nan.

Shekara goma sha ɗaya ba ka yi damina a gida ba, zuwanka duk na rani ne, don haka bari in tuna maka. Yanzu in ka fito ƙofar gida da sassafe, filin nan da ka sani fari fat ya zama kore tun daga danga har gaɓa. Raɓa tana kwance a kan ciyawa, in ka taka sai ta jiƙa ka har idon sawu. Ruwan tafki ya ja baya sosai, ya bar fili mai laushi inda balbela ke sauka suna tafiya a hankali bayan shanu. Jiragen masunta suna can nesa, ba ka gane ko tafiya suke ko tsaye suke. Wani lokaci hadari yakan taso daga gabas ya tsaya a kan ruwan rabin yini bai zubo ba, komai ya yi tsit, har awaki su daina kuka. A irin wannan safiya nake ganin Inna, Allah Ya ji ƙanta, duƙe da laujenta. Ba ta fara yanka sai rana ta shanye raɓa. Kowace ciyawa ta san sunanta da abin da za a yi da ita. Harƙiya ta awaki ce, a yanka a tara. Ƙarangiya a tuge ta da saiwa tun kafin ta yi 'ya'ya. Tafasa da lalo a zagaye su, na tukunya ne. Kai kuma in an sa ka, sai ka bi duka da adda don ka gama ka tafi wanka a ruwa, ta bi ka da faɗa har gaɓa. Jema kaɗai ce lauje ba ya kusantar ta sai da kaka, lokacin da za ta rage tsawonta don saƙar faifai, ta haƙi ɗan saiwar ta jefa a randa da cikin akwatin tufafi.

Ka san asalin jemar nan, amma ban tabbata ka riƙe shi ba, don in ana ba da labarin kai kana can kana gyangyaɗi. Lokacin da aka tare ruwa a Kainji aka ce mutanen gungunmu su taso daga tsibirinsu, kakarmu Tamada ta bar turminta, ta bar randunanta biyu don jirgi ya cika, amma ta koma bayan ɗaki ta haƙo gindin jema guda ta naɗe a tsumma. Ta ce haka ta gani a gidansu, duk wanda zai bar gida barin da ba dawowa sai ya tafi da jemar gidan. Baba yana ɗan shekara goma sha huɗu, shi ya riƙe ta a cinyarsa har aka sauke su a nan. Gungun yana ƙarƙashin ruwa yanzu, sai kan wani dutse da yake leƙowa idan ruwa ya ja baya irin na wannan watan. Da muna yara jemar gindi uku ce kawai a ƙofar gida. A shekarunta na ƙarshe ne Inna ta kama rarraba ta, kowace damina ta tsaga gindi ta dasa gaba, ta tsaga ta dasa gaba, a jere, har layin ya kai gindin bishiyar giyayyar nan ta bakin gaɓa. Mun yi ta yi mata tsiya, muna cewa mutane na shuka abin ci ita tana shuka ciyawa. Sai ta ce don kada ruwan sama ya kwashe ƙasar ne, ta ci gaba da aikinta.

Kullum da hantsi Baba yakan fito ya bi gefen layin nan, hannunsa na hagu yana shafar kan ganyen, har giyayya. A can masunta ke kawo masa komarsu ta kamun kifi da ta yage, ya gyara da yatsunsa, yana fuskantar ruwa. Abin da yake fara tambayar duk wanda ya zo shi ne ko dutsen gungu ya fito. Da azahar ya dawo, hannun dama a kan ganye. Ba sanda, ba ɗan jagora. Wallahi Lukman, ni da nake kai masa abinci kullum, na ɗauka hanyar ce ya haddace, shafar ciyawar kuma sabo ne kawai irin na tsofaffi.

To, sai ga injinka. Abokin wasanka Magaji, maigidana, tun da ya buɗe kwalin bai sake zama ba. Ka san shi, manomin tudu ne ɗan Shanga, a wurinsa duk abin da ya tsiro ba gero ba dawa abokin gaba ne. Ya rataya shi a kafaɗa ya zagaya gari da shi tun bai zuba fetur ba. Ya goge shi da tsumma ya fi sau biyar, har na ce masa ni ban taɓa samun irin wannan kulawa ba. Ana haka sai aka yi rasuwa a Yelwa, wani abokin Baba na ƙuruciya, na raka Baba ta'aziyya muka kwana biyu. Magaji ya samu fili. Da kyakkyawar niyya ya yi, wannan zan shaide shi ko a ina. Ya ce a ransa, in akwai inda maciji zai ɓuya to cikin duhun jemar nan ne, kuma nan ne tsoho ke sa hannu kullum. Sai ya fara da ita. Ya bi layin tun daga ƙofa har giyayya ya kwantar da shi ƙasa, ya bi sauran filin, tafasa da lalo da komai, ya sa manjagara ya tattara, har ya ɗebo yashi ya zuba wa Baba hanya mai faɗi.

Da muka sauka daga babur na ga gidan kamar kan jariri ranar suna. Magaji yana tsaye yana murmushi, yana jiran yabo. Ƙamshin ɗanyar ciyawa ya cika ko'ina, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani ƙamshin da na sani, irin na akwatin Inna. Baba ya tsaya a ƙofar zaure ya ɗaga kai ya shaƙa, ya daɗe a haka. Sai ya ce wa Magaji sannu da aiki, Allah Ya yi albarka, ya shige ciki.

Washegari da hantsi ina wanke-wanke na ga fitarsa, ban kawo komai a raina ba. Abin da ya faru Ladi maƙwabciyarmu ce ta gani, tana dawowa daga ɗiban ruwa. Ta ce ya miƙa hannun hagu inda ya saba, bai taɓa komai ba. Ya matsa ya sake lalubawa, babu. Maimakon ya kira wani, sai ya kama tafiya a haka, hannu a miƙe. Yashin da aka zuba ya ɓata masa jin ƙasar da ya sani, ya karkace ya bar hanya, ya ratsa ta cikin kuɓewarta, ya nufi wajen kwazazzabon nan da ruwa ya haƙa a arewa da giyayya. Ka san zurfinsa, ya fi tsayin mutum biyu. Ta ce ta yar da bokiti ta sheƙa, ta same shi tsaye bai fi taki biyu da bakin ramin ba, hannun har lokacin a miƙe, yana motsa yatsu a iska. Da ta kama shi sai ya tambaye ta a hankali ko nan ina ne. Ko ƙwarzane bai yi ba, alhamdu lillahi. Amma ni da na ji, na zauna a ƙasa na yi kuka.

Kwana tara Baba bai fita ba. Yana zaune a zaure, masunta su kawo koma ya ce su kai wa wani. Na ce in riƙe hannunsa in kai shi, ya ce shi ba amarya ba ne. Magaji, wanda ya daina cin abincin kirki don baƙin ciki, ya kafa turaku ya ɗaura igiya tun daga ƙofa har giyayya. Baba ya taɓa ta sau ɗaya ya ce a kwance, akuya ake ja da igiya. A cikin kwanakin nan ka kira sau uku, sau uku ina ce maka lafiya lau, inji ya yi aiki. Ka yafe mini. Tsoro nake ji kada ka ji ka taso a ranar.

Ranar ta shida ce ta fi tsaya mini. Ya kira ni ya ce in fito da rigunansa in ninke, wataƙila Lukman ne da gaskiya, tunda mutum ya ɓace a ƙofar gidansa ai ya zama kaya, kaya kuwa duk inda aka ajiye shi daidai ne. Na fito da su na kama ninkewa. Ƙamshin saiwar da Inna ta sa a akwatin yana tashi, shekara uku bayan rasuwarta bai gushe ba. Ina jin shi ma ya ji, don sai ya fara magana, ba da ni sosai ba. Ya ce shekara takwas ke nan da ya fara ganin gefen idonsa yana rufewa, bai faɗa wa kowa ba sai Inna, ya kuma roƙe ta kada ta gaya mana don kada mu hana shi shiga jirgi. Ta riƙe masa sirrin. Da damina ta zo sai ya ga ta fara tsaga jema. Ya ce a shekara ta biyu ya gane abin da take yi, ita ma ta san ya gane, amma har ta koma ga Allah ba wanda ya ɗaga maganar a cikinsu. Ta auna tsayin hannunsa, shi ya sa da kaka ba ta rage ta ƙasa da ƙugu. Daminar da layin ya kai giyayya ita ce daminarta ta ƙarshe. Ya ce duk safiyar da ya ɗora hannu a kan ganyen nan, ji yake ita ce ke kai shi bakin ruwa.

Lukman, mu da muke mata dariya. Na rasa inda zan sa kaina don kunya da kewa. Na mayar da rigunan cikin akwati na rufe, na ce masa ba inda za shi.

Da gari ya waye na ɗauko laujen Inna daga saman rumbu, ya yi tsatsa, na wasa shi a dutse. Na bi layin a tsugune ina share yashin da hannu, gindi bayan gindi. Ashe injin bai kai ga saiwa ba, kai kawai ya aske. Kowane gindi yana nan, gajere, mai tauri kamar tsohuwar tsintsiya. Na ƙirga ɗari da goma sha bakwai. Na cire ƙananan ciyayin da ke neman hawa kansu, Magaji yana biye da ni da kwando yana kwashe yashinsa. Kwana biyu aka yi ana yayyafi mai laushi, irin wanda ba ya hana aiki, tafki da sama suka zama launi ɗaya har ba ka gane inda ɗaya ya ƙare. A rana ta uku na ga tsakiyar kowane gindi ya fito da sabon tsiro, siriri, kore mai haske. Na waiga ba kowa, sai na rufe idona na gwada tafiyar. Ban yi taki goma ba na buɗe, don ji na yi duniya ta yi faɗi ba gefe. A nan na san abin da Baba yake shiga kowace safiya ba tare da ya taɓa yin ƙorafi ba.

Ban ce masa ya fito ba, na dai faɗa masa cewa jema ta tsiro. Ya yi kamar bai ji ba. Ranar ta goma da hantsi sai na ga ya tsaya a ƙofar zaure, ya tuɓe takalmansa ya ajiye a gefe. Ya miƙa ƙafar hagu yana lalube har ta taɓa gindin farko. Ya tsaya a kansa kaɗan, sannan ya nemi na biyu. Haka ya yi ta bi da tafin ƙafa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, leɓensa na motsi. Ni da Magaji da Ladi muna biye a nesa, ba mai ko tari. Balbela ma da ke kan hanya ba su tashi ba, matsawa kawai suka yi. Da hannunsa ya taɓa jikin giyayya sai ya zauna, ya juya fuska wajen ruwa, ya ce wa waɗanda suke bin sa kamar ɓarayi su matso su gaya masa ko dutsen gungu ya fito. Ya fito kuwa, har da tsuntsu a kansa. Magaji ne ya faɗa masa, Baba kuma ya ce masa gobe ya kawo injin ya aske masa kai tunda ya iya aski.

Yanzu ganyen ya kusa gwiwa, kafin kaka zai kai hannu. Maganar maciji kuma ba mu yi wasa da ita ba. Injinka yana aiki, kowace Asabar Magaji yana bin bayan ɗakuna da gefen danga da kewayen randa, yana kuma aske taki uku hagu da dama na layin, yadda ko ƙadangare ya gitta za a gan shi. Abin da ke kusa da jema ni ke bi da lauje. Mun kawar da tarin itacen da ke jikin bango, mun toshe ramukan ɓeraye, Magaji ya kuma kafa shinge a bakin kwazazzabon. Tafasa da lalo ma sun dawo, yanzu har tambayata yake kafin ya taɓa ko wane ganye.

Saura maganar buhu. Jiya da la'asar Baba ya ce in ba shi fartanya. Ya lalubi gindin farko na ƙofar gida, wanda Tamada ta dasa, ya haƙa da kansa, ya ƙi a taya shi. Ya tsaga rabi ya mayar da rabi, ya naɗe wanda ya cire a tsumma ya yayyafa masa ruwa. Sannan ya ce in rubuta maka maganarsa yadda ya faɗe ta. Ya ce ranar da za ka tafi Fatakwal Inna ta so ta haƙa maka, shi ya hana, domin a gidanmu wanda ba zai dawo ba ake ba jema, shi kuwa yana sa ran za ka dawo. Shekara goma sha ɗaya yana wannan sa rai. Yanzu ya yarda can ne gidanka, can 'ya'yanka suka buɗe ido, kuma ya sa maka albarka a kan haka. Ya ce kai ma ka yarda nan ne nasa. Shi ya riga ya ɗauki jema a cinyarsa sau ɗaya, ya ga ruwa ya rufe gidan da aka haife shi, ba zai ɗauka sau biyu ba.

Ni ban da abin da zan ƙara sai roƙo. Ka zo bayan girbi kamar yadda ka ce, muna murna, amma ka zo da Mansura da yara, kada ka zo da niyyar komawa da shi. Ka zo ka ga yadda yake tafiya.

Ka gaishe mini da Mansura da kyau, ka ce mata kifin da ke cikin kwalin da na haɗa wa Lawali nata ne, kada ka cinye. Ka shafa mini kan Umaru da Maimuna, takwarar Inna. Goggo Rahamatu da Ladi da Hamdiyya suna gaishe ku. Magaji ya ce a gaya maka ya gode da inji, amma kada ka sake aiko masa da abin da ya fi hankalinsa gudu. Yanzu sai ka kwance buhun. Ka dasa ta a ranar, inda rana ke samu, kusa da ƙofar da kake fita, ka ba ta ruwa safe da yamma har ta kama. Baba ya ce in ta yi tsiro ka kira shi da kanka ka faɗa masa.

Wassalam.

Yayarka,
Asabe.